Yayana da Injin Niƙa

Na haura arba'in lokacin da na samu aikin girki a wata makarantar kwana ta yara masu galahanga, can bayan garin Tudun Wada. Kafin nan ban taɓa jin kalmar ba. Malamar da ta karɓe ni ta ce, "Iya, ba taɓin hankali ba ne. Halittarsu ce haka, ƙara da haske suna yi musu yawa. Ki riƙa ajiye wa kowa kwanonsa a inda ya saba, kuma kada ki taɓa yaro sai ya gan ki."

Kowannensu yana da allon hotuna a bango: wanka, karin kumallo, aji, lambu. Wanda ba ya magana sai ya miƙo mini hoton kofi, in ba shi ruwa.

A mako na uku aka kawo mana injin markaɗe. Ina tayar da shi, wani saurayi ɗan shekara sha shida da ke wucewa ya toshe kunnuwa da tafin hannu, ya durƙusa yana kaɗa jiki gaba da baya. Malamar ta yi mini alama in kashe. Ba ta daka masa tsawa ba, ba ta ja shi ba. Zama ta yi a ƙasa, ɗan nesa da shi, har ya lafa. Washegari aka liƙa hoton injin a allonsa, aka ba shi abin toshe kunne, aka ce kada in kunna sai ya sa.

Ni kuwa na san wannan durƙuson. Irin na yayana ne.

A Riruwai muka tashi. Ya girme ni da shekara uku, amma ban da "Inna" ban taɓa jin wata kalma a bakinsa ba. Yini yake yana jera tsakuwa a gindin rumbu. Mutane suka ce iskokin tsofaffin ramukan kuza ne suka shafe shi. An yi hayaƙi, an sha rubutu. Ba abin da yake tsoro kamar injin niƙan unguwarmu, kuma can Inna take aiken mu tare, shi da ƙwaryar dawa, ni riƙe da hannunsa. Yara na yi mana dariya, ni kuma kunya ta ishe ni, don haka da ya durƙusa sai in tsinko tsumagiya.

Wata rana da damina, ina shekara tara, na tsula masa ita a wuya. Ya saki ƙwaryar ya ruga ta bayan gari, hannuwansa a kunne. Ban bi shi ba. Tsayawa na yi ina tsince dawar don kada a yi mini faɗa. Kwana biyu ana nemansa. A wani ramin kuza da ruwan sama ya cika aka samu gawarsa. Na ce wa Inna kufce mini ya yi, ban ƙara komai ba.

Shi kuwa saurayin makarantar, a hankali ya fara tsayawa a bakin ƙofar kicin da abin kunnensa yana kallon injin. Kafin ƙarshen zango da hannunsa yake zuba tumatir. Duk sanda ya juyo da murna, sai in sunkuyar da kai.

Da aka yi hutu na tafi Riruwai. Inna ta tsufa, idonta ya yi rauni. Ina matsa mata ƙafa na ce, "Inna, ashe Yaya ba iska ba ce. Ƙarar injin ce take yi masa ciwo. Akwai irinsa da yawa a wurin aikina."

Sai ta ce, "Na san ba ya so. Cewa na yi in yana zuwa zai saba."

Na buɗe baki zan faɗa mata abin da na yi, sai ta riga ni. "Ni na aike ku," in ji ta. Sannan ta tambaya ko ana barin iyayen yaran su je ganinsu. Na ce duk ƙarshen wata. Ta ce madalla, ta juya fuskarta bango.

Da kaka ta zagayo Allah ya yi mata rasuwa. Ban samu na faɗa mata ba.