Kara a Ruwan Kwamfuta

Shekarar da 'yan bindiga suka tashe mu daga ƙauyenmu na bayan Runka, muka kama haya a Safana, ina tsakiyar binciken digirina na biyu. Aikina shi ne koya wa kwamfuta yadda ruwa ke gudu, ta zana shi har mai kallo ya rantse na gaske ne. Ruwan nawa ƙwayoyi ne birjik kamar gero, kowace tana tura maƙwabciyarta, lissafi yana nuna mata inda za ta faɗa. In na kuskure lamba ɗaya, sai ya fito kamar kunun da ya kwana. Nakan kai kwamfutar caji shagon mai sola, in dawo mu ci gaba da rigima.

Baba kuwa hankalinsa yana gona. Tun da damina ta sauka, kullum sai ya saɓa fartanya ya ce zai je ya duba. A hanyar gonar an ɗauke mutane, wasu har yau shiru. Inna ta yi kuka ta gaji, ni kuma da bakina ba ya shiru na yi ta masifa. Tsoro nake ji, tsoron wata safiya mu tashi mu tarar ya tafi.

Ran nan ya tsaya a bayana yana leƙen allon.

"Kai, mi kake yi da ruwa cikin akwati?"

Na yi masa bayani, ya taɓe baki. Ya ce ruwan da ba shi da gaɓa ba ruwa ba ne. Sai ya zauna ya zana mini rafin da ke tsakanin ƙauyenmu da gonarsa a ƙasa da tsinke: kwanar da yake yi, yashin tsakiya, da dutsen da ke gindin tsamiya. Na gina shi yadda ya ce, don ni ma ina son in ga ko lissafina zai iya da rafin da na yi wanka a ciki.

Da ruwan ya fara gudu, sai ya ce, "Jefa kara."

A wajenmu ba a shiga rafi da damina sai an jefa karan dawa. In ya wuce dutsen nan kafin ka gama naɗe wando, ka koma gida, babu mai ce maka matsoraci. Ruwana bai san ɗaukar kaya ba. Na sha wuya kafin ƙwayoyin su yarda su tallafi kara, su juya shi a bayan dutse yadda na gaske ke yi. Wannan shi ya zama babi mafi kyau a bincikena.

Ranar da aikin ya yi, aka jefa kara a allo, Baba ya sunkuya ya fara naɗe wandonsa a tsakar ɗaki. Kafin ya kai gwiwa kara ya wuce.

"Yau ba a tahiya," in ji shi, ya jingine fartanya.

Haka muka riƙa yi kowace safiya. Na yi ta mamaki. Mutumin da ke gane hadarin ƙarya tun daga nesa, yaya za a ce ya yarda da ruwan akwati? Na so in tambaye shi, kunya ta hana.

Wata rana malamina ya nemi in gwada ruwa marar ƙarfi, na rage shi, na manta ban mayar ba. Da safe aka jefa kara, ya tafi a hankali kamar ba ya so. Baba ya gama naɗe ƙafa biyu, kara bai kai dutse ba. Inna ta daina tankaɗe.

Baba ya daɗe yana kallon fartanyar. Sannan ya juyo, bai haɗa ido da ni ba, ya yi ƙasa da murya.

"Ƙara mashi ruwa."