Toka a Tsakar Gida

A Dutsin-Ma idan ka ce kana neman Rekiya, za a tambaye ka wacce, don Rekiyoyi suna da yawa. Amma ka ce Rekiya mai bayi, ko ɗan acaɓa ba zai ƙara tambaya ba, sai dai ya ce hau. Waɗanda suka laƙaba mata sunan sun yi ne don ta ji haushi. Ita kuwa sai ta sa aka rubuta shi da jan fenti a bangon ƙofar gidanta, har da lambar waya a ƙasa.

'Yar manoma ce daga Karofi, aure ya kawo ta gari, gidan Jibo mai gyaran famfo. Jibo ya san aikinsa, sai dai abu ɗaya ya riƙa cin ransa: gidajen da aka rubuta wa “Ba Shiga” a zaure. Bayi zai toshe, ruwan ƙazanta ya malalo har gindin murhu, maigida yana kasuwa, shi kuma Jibo yana tsaye a waje riƙe da kayan aiki ba damar shiga. Da abin ya ishe shi sai ya fara tafiya da matarsa. Ta shiga ciki, shi ya tsaya a zaure yana ɗaga murya: “Zuba ruwa! Mi kika ji? Ya wuce ko ya tsaya?” Ita kuma ta amsa daga can ƙuryar gida. Maƙwabta sun sha dariya, amma a haka Rekiya ta koyi sana'a, har ta kai tana fitowa ta ce wa Jibo ya koma gida, ta gama.

Da Allah ya yi wa Jibo rasuwa, ta fita takaba, danginta suka ce ta sayar da kayan ta kama suyar ƙosai kamar kowace macen kirki. Ta saurare su har suka gama, ta ba su fura suka sha. Washegari ta rataya jakar mijinta ta fita.

Aikinta ba na garaje ba ne. Masu gyara da yawa da sun zo sai su zura doguwar waya su yi ta zungura, ko su ce a fasa siminti. Rekiya buta take fara nema. Ta cika ta, ta zuba a bayin, ta durƙusa ta kasa kunne. Idan ruwan ya wuce yana ƙululu kamar mai shan kunu da zafi, to bututun iska ne ya toshe a saman rufi, galibi tsuntsu ne ya yi sheƙa. Idan ya taso ya cika sannan ya janye a hankali, abin yana nan kusa, a gwiwar bututu. Wanda ta fi tsana shi ne ta zuba a bayi ya ɓullo ta rariyar wanka, don ta san ranar sai ta buɗe ramin waje. Ta ciro cokali, ta ciro takalmin yaro, ta taɓa ciro zoben da aka yi wata guda ana zargin 'yar aiki da shi. Kuma duk abin da ta ciro sai ta nuna wa masu gida, ko da ransu zai ɓaci. Takan ce ba a kira ta don ta yi wa kowa daɗin baki ba.

Da wannan aiki ta raini 'yarta Raudatu, 'yar fari kuma ita kaɗai ta rage mata. Saboda kunyar 'yar fari, ba a taɓa jin sunan a bakin Rekiya ba, sai dai “yarinyar nan”. Amma kowa ya san a kan yarinyar nan za ta iya haɗiye garwashi.

To, Raudatu ta samu miji. Ridwan ne, ɗan gidan malamai a Kurfi, ƙanen Malam Abdulhadi mai makarantar allo. Yaro ne mai hankali, kuma son da suke yi wa juna ba ɓoyayye ba ne. An yi gaisuwa, an kawo kayan na-gani-ina-so, saura sa rana. A nan magana ta tsaya, domin mahaifiyarsu, Hajiya Yahanasu, ta ce ba za a sa rana ba sai uwar yarinya ta ajiye jakar nan. Gidansu gidan karatu ne, ba za a ce surukarsu ce ke sa hannu a kashin mutane ba.

Rekiya ta aika musu cewa da hannun nan ta ciyar da yarinyar da suke so, in abincin bai hana ta kyau ba, ba ta ga abin da zai hana ta aure ba. Magana ta yi tsami. Raudatu kuwa sai ramewa take yi, kuma uwar tana gani.

Ana cikin haka sai ga saƙo daga Kurfi, wai Hajiya na kiran Rekiya ta zo ta duba musu bayi. Ba sai an yi mata fassara ba. So ake ta zo gidan surukai ta durƙusa a ƙazanta a gaban mata, ko kunya ta sa ta tuba. Maƙwabciyarta ta ce ta ce ba ta da lafiya. Rekiya ta ce lafiyarta ƙalau. Ta yafa mayafinta na zuwa biki, ta rataya jaka, ta shiga motar Kurfi da hantsi.

Gidan ya cika da mata, domin Basma, matar Malam Abdulhadi, tana jego, ko arba'in ba ta yi ba. Tun daga zaure wari ya tare ta. Da can shadda ɗaya ce a bayan gida, da ta cika Malam ya rufe ta ya gina bayin tangaran guda biyu, ɗaya a ɗakin mahaifiyarsa, ɗaya a ɗakin matarsa. Na Basma ne ke ambaliya. An kira maza sun zungura ya buɗe, ya sake toshewa, yanzu ya dawo da komai har bakin gado.

“Ga ta nan, ɗiyar ƙauyen Dabawa ce,” in ji Hajiya daga kan tabarmarta, tana nuna Basma da haɓa. “Ba ta san bayin zamani ba. Tsumman jariri da audugar mata, duk ciki take turawa. Na hwaɗa ma Malam, tana yin arba'in ta tahi gidansu a koya mata tsabta.”

Basma na tsaye rungume da jaririnta, kanta a ƙasa, hawaye na ɗiga a kan zanin goyo.

Rekiya ta gaishe da kowa yadda ya kamata. Ta cire mayafi ta ninke, ta ɗaura zanin aiki, ta sa safar hannu, ta nemi buta. Ta zuba a bayin Basma, ruwa ya tsaya cak. Ta nemi izini ta shiga na Hajiya ta zuba. Ruwan ya wuce kamar ba komai, amma can sai wata yarinya ta yi ihu daga ɗakin Basma cewa ya ƙara tasowa. Rekiya ta ce to. Ta zagaya bayan ɗakunan, inda bututun biyu suka haɗu a wani ɗan rami mai murfin siminti, ta sa ƙarfe ta ɗaga.

Da ta kwashe ruwan, abin ya fito fili. Bakin bututun Basma fes yake, ko zare babu. Bakin na Hajiya kuwa ya yi ɓawo fari-fari, kuma a gindin ramin ga wani dunƙule ya daskare kamar siminti ya toshe hanyar fita. Ta ɓalli kaɗan ta murza a yatsa. Toka ce.

Duk wanda ya tashi a gidan shadda ya san wannan. Iyayenmu mata suna juye toka a rami don kashe wari, kuma a shadda dabara ce mai kyau. Amma bututu ba rami ba ne, toka ba ta tafiya, kwanciya take yi ta sha ruwa ta sandare. Ɗakin Basma ya fi gangare, shi ya sa duk abin da ya rasa hanya can yake ɓullowa. Ita baiwar Allah laifinta kawai ɗakinta na ƙasa.

Tana tsugune sai ta ji inuwa a kanta. Hajiya ce ta lallaɓo ita kaɗai, ta leƙa ramin, ta ga abin da ke hannun Rekiya. Tsohuwar ba wawuya ba ce. Ta rage murya.

“Uwar Raudatu, mu manya ne. Ki ce tsumma kika ishe. Ni kau satin nan in sa a zo a sa rana. Aikinki ma ki ci gaba da abinki, ba ni ƙara magana.”

Ƙarya ce a ce Rekiya ba ta ji kwaɗayi ba. Ga auren 'yarta, ga jakarta, duka biyun an miƙo mata a kan kalma ɗaya. Ta tuna ƙasusuwan wuyan Raudatu da suka fito. Ta daɗe tana kallon tokar, har Hajiya ta ɗauka an gama, ta koma tabarmarta.

Rekiya ta fasa dunƙulen, ta kankare bututun, ta yi ta kwara ruwa har ya riƙa wucewa da gudu. Sannan ta ce a ba ta tsohon faranti. Ta ɗauraye babban ɓallin, ta ɗora, ta kawo tsakar gida ta dire a gaban matan. Malam Abdulhadi ma ya shigo jin sakamako.

“Ga abin da ya toshe maku bayi,” ta ce. “Toka ce. Ta bututun ɗakin gabas ta biyo. Tsumma kau ko ɗaya ban gani ba.”

Ba ta kira sunan kowa ba, ba ta kuma bukata, kowa ya san ɗakin gabas na Hajiya ne. Gidan da gas ake girki. Kasko ɗaya ne ake hura gawayi a cikinsa kullum, na turaren wuta da shayin Hajiya, ga shi nan ma a gefen tabarma yana hayaƙi. Malam ya dubi farantin, ya dubi matarsa, ya sunkuyar da kai. Basma ta fashe da kuka mai sauti, irin na wanda aka sauke wa kaya.

“Ɗauki jakarki,” in ji Hajiya. “Wagga zuri'a ba ta haɗa jini da ku.”

“To, Hajiya. A dai daina zuba toka, in ba haka ba shina dawowa.”

Ta wanke hannu da sabulu, ta yafa mayafin bikinta, ta fita ta ƙofar da ta shigo, kanta a sama. Sai da mota ta bar Kurfi ƙarfin ya fara zubewa. Da suka hango dutsen garinsu, ji ta yi kamar ta ce direba ya wuce da ita ko'ina ne.

Labari ya riga ta isa, Ridwan ya kira a waya. Ya ce zai yi iya ƙoƙarinsa, amma duk wanda ya san gidan ya san ba ya iya tsallake maganar uwarsa, kuma bai tsallake ba. Rekiya ta tarar da Raudatu zaune a bakin ƙofar ɗaki, idanu sun kumbura.

“Inna, da kin yi shiru,” ta ce. “Sau ɗaya tak. Mi zai rage ki?”

Rekiya ta sauke jakar. Ta zauna a ƙasa kusa da ita, abin da ba ta saba yi ba.

“Na so in yi, wallahi na so. To amma in na yi shiru, tokar ba ta dainawa. A kori waccan, bayi shi sake toshewa, a waiwaya a nemi ƙazama.” Ta dubi 'yarta. “Wa za a ishe a ɗakin gangare in ba ke ba, Raudatu?”

Yarinyar ta ɗago da sauri. Tunda aka haife ta ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba.

Ba ta ce ta yarda ba, ba ta kuma daina kuka ba. Ta dai tashi ta hura wuta, ta ɗora ruwan wankan da take ɗora wa uwarta duk ranar da ta dawo daga aiki. Da ya yi zafi ta sirka, ta kai mata bayi, ta ajiye sabulu a kan murfin bokiti.