Tantin da Ghlana Ta Hana Sayarwa

Shekara talatin surukata Ghlana ta yi tana ɗinka tanti a kasuwar Nuwakshot, babban birnin Muritaniya, amma ba ta taɓa kwana a cikin nata ba. Duk damina, in mutanen gari suka kwashi iyali suka fita daji shan nonon raƙumi, ita tana rumfa tana yi musu faci. Da idonta ya fara gazawa sai ta ɗinka na ƙarshe, fari tas, cikinsa ƙyallaye kala-kala, ta naɗe ta ajiye.

Ɗanta Sidna, ma'aikacin ofis mai son komai a ɓagas, ya samo mai saye.

"Inna, wa ke jan wannan jibgegen kaya yanzu? Ga na haya a bakin titi, har da katifa."

"Kai ni daji sau ɗaya," in ji ta. "In bai tsaya ba, ka sayar."

Ni ne mai mota, don haka wahalar a kaina ta ƙare. Juma'a uku muna sintiri a hanyar garin Roso muna neman wuri. Sidna da waya yake dubawa, duk inda ta kama sabis, to wuri ya yi. A ƙarshe ya nuna wani kwari kore shar, inda masu ba da haya suka jera tantunansu. Tsohuwa ta sauka, ta tuɓe takalmi, ta tattaka ƙasar.

"Nan ruwa ke kwana," ta ce. Ta ja mu can kan wani tudu fayau, kusa da makiyaya.

"Haba Inna! Ko akuya ba za ta zauna nan ba."

"To ai ban gayyaci akuya ba."

Ranar kafawa ta sa muka juya bayan tantin gabas, muka sassauko da shi ƙasa-ƙasa. Turaku kuwa ta hana a buga su a tsaye. Kowanne sai an haƙa rami kamu guda, a ɗaura igiya, a binne shi a kwance. Na haƙa ina gunaguni, ba zan ɓoye ba, har na yi da-na-sanin sayen mota. Sidna ya kama na haya a kwari, ƙofa na kallon gabas don ya riƙa hango titi.

Kwana na uku, bayan la'asar, gabas ta yi ja, ta koma baƙi. Iska ta zo ta shiga tantunan haya ta ƙofa, ta ɗaga su kamar shanya. Ruwa ya biyo baya, kafin a ankara kwari ya cika har gwiwa. Sai ga mutane suna hawowa tudu a guje, da yara da tukwane. Muka cika maƙil, tanti na ta girgiza, amma ko igiya ɗaya ba ta kwance ba. Ghlana kuwa shayinta take ta juyewa, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Wallahi ban taɓa alfahari da mutum irin ranar ba.

Sidna ne ya shigo ƙarshe, sharkaf, da jiƙaƙƙiyar katifa a ka.

"Matso ciki, ɗan haya," ta ce, ta miƙa masa kofi.

Wani dattijo da ya fake tare da mu ya shafa ɗinkin, ya ce, "Baiwar Allah, nawa za ki bar mini shi?"

Kafin ta buɗe baki Sidna ya amsa, haƙoransa na kaɗawa: "Baba, ba na sayarwa ba ne."