Tsohon da na kashe a bakin rumbu

Jiya da la'asar ina gindin darbejiyar ƙofar gidanmu, ina buga gem ɗin yaƙi a waya. Kwana uku wani tsoho a cikin gem ɗin yana hana ni wucewa. Sanda ce kawai a hannunsa, yana tsaye a bakin rumbun ƙauyensu. Jiya dai na yi sa'arsa. Ya faɗi, rumbun ya kama da wuta, ni kuma na ƙyalƙyale da dariya.

Ashe Kawu Sale yana bayana yana kallo. Ƙanen mahaifiyata ne. Bara ya dawo wajenmu nan gefen Ɗambatta, bayan 'yan bindiga sun tashi garinsu.

Ya ce, "Ɗan nan, me tsohon ya yi maka?"

Na ce, "Kawu, wasa ne fa. Abokin gaba ne, sai an kashe shi ake wucewa."

Ya daɗe yana kallon wutar. Sannan ya ce, "Hatsinsa yake tsaro. Maƙwabcina Malam Idi ma a bakin rumbunsa suka same shi. Su ma dariya suke yi."

Ya ɗauki butarsa ya nufi masallaci. Bai yi mini faɗa ba. Wallahi gara a ce faɗan ya yi.

Na san zane ne, ba shi da rai. Amma tun jiya na kasa haɗa ido da Kawu.

'Yan uwa, akwai wanda ya taɓa cin wasa ya ji kamar shi ne azzalumin, ko ni kaɗai ne?