Tsakanin Korayen Fitilu

A unguwar Nakkasa ta Makka, in ka tambayi gidan Malam Abdulbaƙi sai a tsaya ana sosa ƙeya, amma kana cewa gidan Birki za a nuna maka matakalar da za ka hau. Mutumin Kazaure ne. Ya zo aikin Hajji yana saurayi, jirginsu ya tashi ya bar shi, kuma har yau bai taɓa cewa kuskure aka yi ba. Tun daga lokacin sana'arsa guda ce, tura tsofaffi da marasa lafiya a arabiyya, keken nan da ake zaunar da wanda ba ya iya tafiya a yi masa ɗawafi da sa'ayi tsakanin Safa da Marwa.

Abokan aiki ne suka laƙaba masa Birki, kuma ba yabo suke nufi ba. Mai tura arabiyya ba ya ganin fuskar wanda yake turawa, ƙeya kawai yake kallo, don haka Abdulbaƙi ya koyi aiki da kunne. Da ya ji wani siririn fito a ƙirjin tsoho, sai ya ja gefe ya taka birki, ya ɗebo Zamzam, ya tsaya ƙyam. 'Ya'yan tsoho su yi ta faɗa, su ce saura zagaye ɗaya, motarsu za ta tafi. Ko a jikinsa. Hatta tsakanin korayen fitilun nan da maza ke sassarfa a sa'ayi, inda sauran masu turi ke sheƙa gudu, shi tafiyarsa yake yi. An yi masa dariya shekara da shekaru, sai dai babu wanda ya taɓa cikawa a kan kekensa, kuma da wannan kaɗai yake tinƙaho a duniya.

Ƙwaya ma ya san ta. In goman ƙarshe ta azumi ta zo, aiki ya yi yawa, wasu masu turi sukan haɗiyi wata 'yar farar ƙwaya don kada su ji gajiya. Amininsa Mukhtaru yana cikinsu. Kwana huɗu ya yi yana turi kamar an sa masa inji, rana ta biyar ya zauna zai sa takalmi, bai tashi ba. Tun rana ta biyu Abdulbaƙi ya ji fiton a ƙirjinsa, ya yi masa magana, Mukhtaru ya ce ya je ya ji da tsofaffinsa.

Ɗansa namiji ɗaya ne, Luqman, autan matarsa Raliya. A Makka aka haife shi, Hausarsa ma sai an yi haƙuri da ita, amma ba shi da iƙama, takardar zama a ƙasa, kamar dai ubansa. Abin da Allah ya ba shi ƙafa ce. Yana shekara goma sha shida wani mai horar da 'yan tsere, wanda kowa ke ce wa Kaftin, ya gan shi yana bin ƙwallo a wani fili a Ka'akiyya. Kaftin ya hawo har gida yana haki, ya sha shayi, ya ce in yaron ya shiga ukun farko a tseren matasa na mita ɗari huɗu a Jidda, kulob ɗinsu zai tsaya masa a yi masa iƙama. Raliya ta yi kukan murna. Abdulbaƙi kuwa shi ya fi kowa sanin abin da takardar take nufi: makaranta, asibiti, da wucewa ta gaban motar 'yan sanda ba tare da ka sake hanya ba.

Cikin wata biyar yaro ya sauya. Kafaɗu suka buɗe, riguna suka matse, ƙuraje suka feso masa a baya, abu kaɗan sai ya hau mutum da tsawa. Raliya ta ce girma ne. Ranar da ta tsinci wasu 'yan kwalabe a aljihunsa wajen wanki, dariya ya yi mata. "Fitamin ne, Ummi. Duk shabab, samarin kulob, suna yi. Kaftin da kansa yake mana allurar."

Ana gobe tseren, uba da ɗa suka dawo daga sallar La'asar suna hawa matakalar gida. Luqman na gaba, Abdulbaƙi na biye yana kallon ƙeyarsa, yadda ya saba. Ba su kai rabi ba ya ji shi. Siriri ne ƙwarai, wani ba zai ji ba, amma shi ne dai, irin na Mukhtaru.

"Tsaya," in ji shi. "Me Kaftin yake ba ku?"

"Na ce fitamin, Abuya."

"Ban da allura. Akwai ƙwaya?"

Yaron ya kau da kai. "In za mu yi gudu kawai. Bukra khalas, daga gobe na daina, wallahi."

"Ƙirjinka yana fito, Luqman."

"Abuya, ni ba tsoho ba ne a arabiyya!" Ya juyo, idonsa ya yi ja. "So kake in ƙare kamar kai, ina laɓewa a lungu in na hango 'yan sanda?"

Maganar ta yi masa zafi, don gaskiya ce. Shekara talatin ana roƙonsa ya saki birki, da faɗa da lallashi, bai taɓa saki ba. Amma ran nan ya tsaya a kan matakala yana lissafi da zuciyarsa: tseren ko minti ɗaya ba ya kaiwa, yaro ne, jininsa sabo, zagaye ɗaya ne tak. Bai lura ba cewa maganar da 'ya'yan tsofaffi ke faɗa masa ce yake faɗa wa kansa. Ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a." Suka ci gaba da hawa.

Bai je Jidda ba, saboda shingen binciken takardu da ke hanya. Motar kulob ce kawai ke wucewa ba tambaya. A waya aka gaya masa. Luqman ya zo na biyu, ya tsallake layin ƙarshe, ya ɗaga hannu, ya yi taku kamar goma, ya kife. Ya rayu. Likita ya ce naman zuciyarsa ya yi kauri, bugunta ya rikice, shi da gudu har abada, matakala ma sai a hankali. Gwajin jini ya nuna abin da ke ciki, aka soke matsayinsa. Kaftin ya ce shi bai san inda yaran nan suke samo abubuwansu ba. Maganar iƙama kuwa ko sau ɗaya ba a sake tayar da ita ba.

Suka bar dutsen Nakkasa suka kama ɗaki a ƙasa a Ka'akiyya. Raliya ta tsine wa Kaftin har muryarta ta dushe. Abdulbaƙi bai taya ta ba, kuma bai gaya mata abin da ya ji a matakala ba. Ya daina ba da labarin cewa ba a taɓa cikawa a kekensa ba.

Bayan wata huɗu Luqman ya ce yana so ya yi Umara ya gode wa Allah. Ba zai iya tafiyar ba, don haka uban ya goge arabiyyarsa ya zaunar da shi, ramamme cikin harami. Suka gama ɗawafi da hantsi, suka sauko daga Safa. Da suka doso korayen fitilu, maza suka fara wuce su da sassarfa, ƙafafu na ta tafi a kan marmara. Yaron ya bi su da kallo. Bai juyo ba ya ce, a hankali, "Abuya, yi gudu."

Abdulbaƙi ya sunkuya ya kasa kunne a ƙeyarsa. Sannan ya damƙe hannayen keken ya zura da gudu, dattijo mai furfura, zanen haraminsa na kaɗawa. Masu turin da suka san shi suka tsaya suna kallo, babu wanda ya yi dariya. Duk zuwa da dawowa sai da ya yi gudun. A na bakwai ya ji fiton sarai, a ƙirjinsa shi kansa, bai kuma taka birki ba sai da suka fita daga fitilun.