Kaset ɗin da Baffa ya fara sa wa Baba

Makon jiya wani direba ya kawo min riɗi a tsohuwar akori-kura, rediyonsa irin mai cin kaset ɗin nan. Ana cikin sauke buhuna kaset ya kai ƙarshe, ya yi ƙarar nan ta "ƙas". Sai na ga na tsaya da basilla a hannu. In ka tashi a zamaninmu, ka san ƙarar da nake nufi.

A gidanmu, wani ƙauye tsakanin Dutse da Kiyawa, baffana ƙanin mahaifina shi ne mai kaset. Ranar kasuwar Shuwarin yakan ɗaura kwali a bayan keke ya je ya kasa. Mawaƙa da yawa yake sayarwa, amma akwai wani dattijo guda da ya tara kaset ɗinsa tun daga na farko. Waɗannan ba na sayarwa ba ne, daga jikinsu yake kwafa wa mutane. Suna cikin akwatin ƙarfe a ɗakinsa, a jere yadda suka fito, ɗakin kullum yana warin batir da turaren da yake goge kan rediyo da shi.

A wannan ɗakin na san mawaƙin. Kaset ɗinsa na farko gangar noma ce da 'yan amshi, a fili aka ɗauka, har carar zakara kana ji. Muryarsa siririya, kamar za ta tsinke. Daga baya ya shiga birni ya haɗu da masu fiyano, kiɗan ya yi kauri, direbobi suka ɗauka, kowace tasha shi ke tashi. Da girma ya kama shi sai muryar ta sauko ta yi gwaɓi, ya rage kiɗa, ya koma zancen iyaye da haƙuri da ranar tafiya. Baffa ba ya miƙa wa sabon mai saye wanda ake yayi. Sai ya tambaye ka sana'arka da garinku tukun, sannan ya zaɓa maka inda za ka fara.

Baba kuwa bai taɓa zama ya saurare shi ba. Abin da ya sani kawai shi ne hayaniyar da ke shigar masa kunne a mota.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, na zama saurayi. Gari ya yi tsit, an rage kiɗan biki, masu kaset da yawa suka koma sayar da na wa'azi. Wata safiya Baba ya tsaya a ƙofar ɗakin Baffa ya ce akwatin nan ya bar masa gida kafin Juma'a. Ba faɗa ya yi ba, kuma Baba ba ya maimaita magana. Baffa ba shi da wani wurin ajiya, ga damina ta kawo kai. In akwatin ya fita, ko dai danshi ya cinye shi a rumfar kasuwa, ko a rarraba shi hannun mutane.

Baffa ya durƙusa ya ce, "Yaya, na ji. Amma ka ji guda ɗaya tukun. In ka ce a fitar, ni zan ɗauka da kaina."

Baba ya ce, "Ɗaya."

Ni a lissafina abin mai sauƙi ne. A lokacin mawaƙin ya fitar da sabo, babu ganga babu fiyano, murya ce da amshi kawai. Na ce wa Baffa shi za a sa. Ya dube ni ya yi dariya.

"Kai yaro, haka za ka yi kasuwancin? In na sa masa wannan, cewa zai yi mutumin ya tuba. Sai ya bar min ɗaya, ya ce a kwashe sauran."

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a zaure. An yi yayyafi, ƙasa tana ƙamshi, kaji sun fake a bakin ƙofa. Baffa ya ɗauko na farkon, mai gangar noma. Gabana ya faɗi, don ganga ce fa, ita ake gudu. Waƙar gayya ce, ana kiran samari layi-layi, ana tsokanar wanda ya bar kunyar nomansa a baya yana gyaran rawani. Baba yana jan carbi, fuskarsa ba ta nuna komai. Can na ga babban yatsan ƙafarsa yana motsi. Da aka zo kan mai gyaran rawanin sai ya murmusa, ya ce a gayyar kakanmu ma an yi wani haka, mutumin Aujara.

Waƙar ta ƙare. Sannan Baba ya ce, "Wannan ya taɓa riƙe garma. Daga nan ina ya nufa?"

Baffa ya ce, "Amsar tana cikin na biyu, Yaya."

Juma'a ta zo ta wuce, ba wanda ya tada zancen. Daminar nan Baba ya bi mutumin a hankali, in an dawo daga gona. Da aka iso na fiyano ya ce a kashe, birni ya ruɗe shi. Baffa bai yi musu ba. Sai wajen kaka, gero ya shiga rumbu, suka kai ga na ƙarshen. Baba ya ce muryar ta nuna, irin ta wanda ya ga abubuwa.

Yau ni ke sayen riɗi da zoɓo a Dutse, kuma har yanzu ba na fara buɗe wa baƙo buhun da na fi so ya saya. Yara yanzu suna da waƙoƙin nan duka a waya, a cakuɗe, ba su san wacce ta riga wacce ba. Ban ga laifinsu ba, haka suka tarar.

Baba ya tsufa, ido ya yi rauni. Bara na sayo masa ƙaramar rediyo mai memori, na ce zan jera masa waƙoƙin tun daga farko, in cire na fiyanon da ba ya so. Ya ce a'a.

"Sa su. In an zo wurin ni zan tsallake. Amma ba a cire wa mutum shekarunsa."