Ɗaki Mai Sanyi a Gidan Azare

Ruwa ne ya kore mu daga Katagum. Damina bayan damina kogi yana tumbatsa ya shigo unguwarmu, na ƙarshen ya tafi da katangar baya da banɗaki, ya bar mu muna kallon gonar mutane daga tsakar gida. Tun daga nan Inna, mahaifiyarmu, ta daina samun natsuwa idan hadari ya haɗo. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa, saura mu uku: ita, da Yaya mai shagon kayan masarufi a kasuwar Azare, da ni auta, na gama sakandare ina zaune. Yaya ya ce a sayar da gidan a sayi wani a Azare, inda ƙasa take a bushe. Ni na fi kowa goyon baya. Na gaji da kwasar taɓo da kwano.

Wani mai fataucin kifi ya sayi namu, ya fara matsa mana mu tashi. Yaya ya samu dillali, dillali ya samo gida a wata tsohuwar unguwa cikin gari. Mai gidan wani Alhaji ne da ya gaje shi, yana zaune a Kano, ba mu taɓa ganinsa ba, sai wakilinsa.

A tsakiyar bazara muka je dubawa. Ɗakuna biyu na farko tsohon siminti ne, kwanon sama yana dafa mutum kamar tanderu. Na ukun yana can ƙurya, jikin katangar maƙwabta, sabo fil, an shimfiɗa masa tayil fari.

"Inna, shiga ki ji ikon Allah," in ji dillalin. "Wannan ɗaki ba ruwansa da a kawo wuta ko a ɗauke. Wasu kuɗi suke sawa su sayi sanyi, ke an ba ki gyara a cikin ciniki."

Inna ta tuɓe takalmi ta shiga. Na ga kafaɗunta sun sauka. Tana da hawan jini, zafi yana wahalar da ita ƙwarai.

"Wannan ɗakin ni zan ɗauka," ta ce.

Na ce, "Me ya sa nan kaɗai aka sa wa tayil?"

"'Yammata, 'yar jarida ce ke? Wanda ya yi wa ɗaki ado ma sai ya kawo hujja?"

Yaya ya harare ni.

Aka ba da kafin alƙalami. Da yake mai kifi ya hana mu sakat, wakilin Alhaji ya yarda mu tare, a cika sauran a gaban mai unguwa idan takardu sun haɗu. Muka loda kaya a mota, har da turmi da taɓaryar Inna da ta gada wajen uwarta, muka shiga.

Matan unguwa suka yi ta zuwa yi mana barka da tarewa. A nan na fara lura. Inna za ta ce, "Ku shigo daga ciki, akwai sanyi," sai su ce a'a, nan ma ya yi, su zauna a kan tabarma cikin rana suna fifita da gefen mayafi. Wata mai goyo ɗanta ya rarrafa ya nufi ƙofar ɗakin, ta fizgo shi da ƙafa ɗaya kamar ya nufi murhu. Ta ga na gani, ta yi dariya, ta ce wai kada ya ɓata tayil.

Tsohuwar da muke katanga ɗaya da ita, Hajiya, ita ta zo daga ƙarshe. Ta tsaya ta daɗe tana kallon ɗakin.

"Nan kuka ba ta?"

"Ita ta zaɓa."

"To. Allah ya tsare. Kada dai a jibge buhunan hatsi a ciki."

"Saboda me?"

"Saboda ɓera."

"Hajiya, ɓera bai san sauran ɗakunan ba ne?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke ce autar? An gani." Ta juya ta tafi.

Da farko aljanu na kawo a raina, ko kuma wani ya mutu a ciki mummunar mutuwa. Na riƙa karanta abin da na iya duk sanda zan shiga kai wa Inna abinci. Ita kuwa barcinta take sha, har ta yi ƙiba a fuska. Sai ran nan tasa ta suɓuce mini a tsakiyar ɗakin. A sauran ɗakunan idan abu ya faɗi, ƙara ce ɗaya ta mutu. Nan ƙasa ce ta amsa, dum, kamar an taɓa ganga. Na buga dunduniya a ƙasa kusa da bango, shiru. Na matso tsakiya na buga, ta sake amsawa. Tafin ƙafata ya yi sanyi, ba na tayil ba.

Ruwan farko ya sauka. Bayansa ƙofar ɗakin ta fara cijewa, sai an sa kafaɗa. Wani siririn layi kamar gashi ya bayyana a kan tayil, daga ƙarƙashin gado zuwa inda Inna take shimfiɗa sallaya. Sannan carbinta ya tsinke. Ina zaune a wajen. 'Ya'yan carbi idan sun zube watsewa suke yi, kowa ya sani, sai an bi su ƙarƙashin gado da bayan akwati. Waɗannan suka watse, suka tsaya, sannan a hankali suka juyo suna gangarowa, ɗaya bayan ɗaya, suka taru wuri guda a gaban gwiwoyinta.

"Kin ga sun hutar da ke," in ji Inna, tana kwashewa.

Na ɓoye ɗaya a hannuna, ban san dalili ba.

Na tare Yaya da yamma tun kafin ya kafe babur. Ya saurare ni yana cire hula.

"Ƙasa ce take zama. Kowane sabon gini yana yi."

"Akwai rami a ƙarƙashin ɗakin nan."

"Ke kika haƙa? Ke dai kin fiye baki. Gidan Katagum ya tafi, mai kifi har ya zuba kwanduna a ɗakinki. In wakili ya ji muna kushe gida ya fasa, ina za mu kai ta? Shagona?"

Na ga shi ma tsoron yake ji, nasa dai daban ne da nawa. Na koma wajen Inna na ce ta dawo ɗakina. Ta ce a wannan zafin? So nake jininta ya hau? Ta ce wadda ta tsira daga kogi ba za ta mutu a ɗaki mai tayil ba. Na ɗaga murya, ta ce in fita mata daga ɗaki.

Kwanakin nan ban san ɗanɗanon abinci ba. Idan ta yi ruku'u ina kallon ƙasa. Idan ta zauna a bakin gado da ƙarfi sai in dubi layin da ke kan tayil. Tifa ta wuce a layi, in bar wanke-wanke in ruga in leƙa. Duk sanda hadari ya taso ita tana murna ta rabu da kogi, ni ina tunanin ruwan da ke shiga ƙarƙashinta ta inda ban sani ba.

Na shiga gidan Hajiya ba ko doguwar gaisuwa. Tana tsince shinkafa a faifai.

"Hajiya, mene ne a ƙarƙashin ɗakin Inna?"

"Ina kwana dai tukuna."

"Ina kwana. Mene ne?"

"'Yar nan, ciniki ya faɗa. An yi sallama, an sa albarka. A garin nan ba a bin bayan ciniki da magana. Uwar Alhajin nan tare muka yi zaman aure, ita ta yi mini wankan jego. In na buɗe baki gobe a ce ni na hana ɗanta sayar da gadonsa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

"In ta faɗa kuma a ce me?"

Hannunta ya tsaya a kan faifai. Ba ta dube ni ba.

"Ni ban ce miki komai ba. Labarin da nake ba ki na da ne. Kafin a kawo famfo, duk layin nan a gidanku muke ɗiban ruwa. Igiyar guganmu sai an ƙulla biyu take kaiwa. Ruwa mai daɗi, ko a bazara ba ya ƙafewa." Ta hure ƙaiƙayi. "Da suka zo gini na ga an kawo siminti, na ga an kawo azara. Ina nan zaune a ƙofa kullum. Ban ga an kawo ƙasa ba."

Na fito. A soro na tuna wani abu: tun da muka tare, kusan kullum tsohuwar nan sai ta aiko ko ta leƙo ta kira Inna, zo ki taya ni hira, zo ki ɗanɗana miya, zo ki ga jikata. Na ɗauka son surutu ne. Ashe fitar da ita take yi daga ɗakin, iya abin da al'ada ta bar mata.

Na gaya wa Yaya. Ya ce Hajiya ta ce rijiya ce? Na ce ba ta faɗi kalmar ba. Ya ce to. Ya ce ranar Juma'a bayan masallaci za a cika ciniki, in ya zama namu sai a kira magini ya duba a hankali. Wato bayan an sa hannu, lokacin da ramin ya zama namu mu kaɗai, Inna kuma tana kwance a kansa har sai ran da Yaya ya samu sararin magini.

Ranar Juma'a suka shimfiɗa tabarma a soro: mai unguwa, wakilin Alhaji, dillali, shaidu, da Yaya. Ina jin dariyar dillali daga tsakar gida. Inna tana kan sallaya a daidai wurin, tana lazimi. Na ɗauki taɓarya daga jikin turmi na tsaya, ban san yadda zan fitar da ita ba. Sai ga kan Hajiya ta saman katanga, ta taka wani abu ta leƙo. Ta dubi taɓaryar, ta dube ni.

"Maƙwabciya!" ta ƙwala wa Inna kira. "Zo ki ga wata atamfa da aka kawo mini, ki gaya mini ko an cuce ni."

Inna ta fito tana gyara mayafi, ta wuce ni, ta bi ta gefen maza ta fita.

Na so in tsaya a dokin ƙofa in daka daga nan, amma taɓaryar ba ta kai ba. Dole na taka ciki. Na janye sallayar da ƙafa. Na yi bisimilla, na ɗaga na daka. Tayil ya fashe. Na ji dariyar soro ta yanke. Na sake dakawa, na sake, sai kawai taɓaryar ta zame daga hannuna ta shige ƙasa gaba ɗayanta, kamar an karɓe ta.

Shiru. Na tsaya ina jira, ina jira, har na fara tunanin ba za ta taɓa isa ba. Sannan can ƙasa, nesa, na ji cuɓul.

Iska mai sanyi da warin danshi ta bugo fuskata. Tayil ɗin da nake tsaye a kai ya yi ƙara.

"Kar ki motsa," na ji muryar Yaya a bayana, ƙasa-ƙasa. Ko bai faɗa ba ba zan iya ba. Ya riƙe ƙofa da hannu ɗaya, ya damƙo hijabina da ɗayan, ya fizge ni waje muka zube tare. Inda na tashi, wani ɓangare ya karye ya bi taɓarya.

Suka haska da fitilar waya daga bakin ƙofa. Azara ce aka jera a bakin rijiyar, ta ruɓe ta yi baƙi, aka zuba siminti mara kauri a kai, ko rodi ɗaya babu. Can ƙasa ruwa yana ƙyalli. Ƙafar gadon Inna ba ta fi taki ɗaya daga bakin ramin ba.

"Wallahi tallahi ni ma yau na gani," in ji dillali. "Da 'ya'yana na rantse."

Mai unguwa ya shafa gemu. "Na san da rijiyar. An ce mini an cike ta."

"An ce maka," na ce. "Ka tambaya da me?"

"Ke!" in ji Yaya. Amma bai ɗauke hannunsa daga kafaɗata ba.

Wakili ya fita waje ya daɗe yana waya da Kano. Mai unguwa ya yanke cewa ba za a sa hannu ba sai an fasa ɗakin, an cike rijiyar da ƙasa da dutse a gaban idonsa, kuɗin a kan mai gida. Ba mu fasa saye ba. Ina za mu? Tifa ta yi ta zuwa tana juyewa, ramin yana haɗiyewa kamar ba a zuba komai ba, yaran layi suna kallo, iyayensu mata suna cewa ai dama sun san za a rina.

Inna kuwa, da ta dawo daga ganin atamfa ta tarar da maza cike da tsakar gida, ta ratsa su ta leƙa. Ta dubi ramin, ta dubi sallayarta a yashe a gefe, sai ta zauna a ƙasa a inda take. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta gode mini ba. Sai da aka kwana biyu, tana kwance a ɗakina tana fifita, ta ce, "Taɓaryar uwata ce. Cikin kayanta ita kaɗai kogi ya bar mini."

Na ce zan saya mata wata. Ta ce ba ta so.

An sake daɓe ɗakin da siminti, ta koma ciki. Yanzu zafi yake yi kamar sauran, kullum sai ta yi mita, ta ce na kashe mata sanyi. Na ga ƙasar da aka zuba da idona, na ga an daddake ta. Duk da haka, idan Hajiya ta kira ta hira, nakan shiga in rufe ƙofa, in ciro ɗan carbin nan daga ƙasan jakata, in ajiye shi a jikin bango in tsuguna in ga ko zai gangara.